MALAM ABDULLAHIN GWANDU DA CIWON DA KE BIYO BAYAN NASARA



'Yan'uwa, yau ba fatawa zan amsa ba. Tarihin wani bawan Allah nake so mu ɗan zauna a kai, amma bari in fara gaya muku abin da ya tuno mini da shi.

Ranar Talatar da ta wuce ina tsaye a Gidan Mutum Ɗaya ina jiran motar Kankiya, sai ga wani mutum ya sauko daga kan babur. Na gane shi, ya gane ni. Muka yi musabaha da 'yan yatsu, muka tambayi iyali a gurguje, kowa ya kau da kai kamar mai neman abin da ya faɗi a ƙasa. Wannan mutumin fa, shekarun baya, tabarma ɗaya muke kwana a kai. Mu bakwai ne muka buɗe makarantar Islamiyya a wani ƙauye cikin ƙasar Kusada, a zauren wani dattijo. Babu albashi, babu benci. In kaka ta yi, wannan ya kawo damin gero, wancan ya kawo tiyar wake, a sayar a sayi alli da kananzir. Shekara huɗu muna haka, ko sa-in-sa ba a taɓa ji tsakaninmu ba. Sai Allah Ya kawo wani mai hali ya gina mana ajujuwa, ya bar kuɗi a hannunmu. Kafin damina biyu an fara tambayar wa ya fi cancanta ya riƙe asusu, ɗan wa za a ɗauka koyarwa, sunan wa zai zo a sama a jikin allon bakin ƙofa. Ni na yi fushi, na tattara littattafaina na fita, ina ganin ni kaɗai ne mai gaskiya. Yau makarantu biyu ne a ƙauyen, suna kallon juna, yaran wannan ba sa gaida malaman waccan.

Daren nan barci ya ƙi zuwa. Sai zuciyata ta tafi ga Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu Usmanu, wanda muka fi sani da Abdullahin Gwandu. Domin shi ma ya taɓa tattara kayansa ya fita. Sai dai shi labarinsa bai ƙare a nan ba.

An haife shi wajen 1766, kimanin shekara 12 bayan haihuwar Shehu. A hannun mahaifinsu, Malam Muhammadu Fodiyo, ya yi karatun Alƙur'ani. Yana ɗan shekara 13 aka danƙa shi ga yayansa, daga nan kuwa ba su rabu ba. Inda Shehu ya je neman ilimi, yana biye. Har wurin Malam Jibrila ɗan Umaru sun yi karatu tare. Inda Shehu ya fita wa'azi, ƙasar Kabi ne ko Zamfara, yana gefensa. Allah Ya ba shi kaifin kai, musamman a harshen Larabci, har ya zama shi ne takobin jama'ar Shehu wajen alƙalami. Daga baya ma littafi guda ya rubuta, Ida'un Nusuh, don kawai ya lissafa malaman da ya ɗauki ilimi a wurinsu. Ka ga mutumin da bai manta hannun da ya ciyar da shi ba.

To, wace irin jama'a ce ta taru a Degel, cikin ƙasar Gobir, a wancan lokaci? Jama'ar da ba ta da abin rabo. Wanda ya zo, karatu ya kawo shi, don babu sarauta a wurin, babu ganima. Wajen 1788 Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malamai a Magami ranar Babbar Salla, ya fito da kyauta mai yawa. Shehu bai karɓa ba. Abin da ya roƙa shi ne a bar shi ya yi wa'azi, kada a hana kowa amsa kiransa, a girmama masu rawani, a saki fursunoni, a sauƙaƙa wa talakawa haraji. Malam Abdullahi a wannan tarbiyya ya tashi, ita ce kuma ma'aunin da ya riƙa auna komai da shi har ya bar duniya.

Bayan Bawa al'amura suka tsananta. Nafata ya hana rawani da lulluɓi, ya hana wa'azi in ba Shehu ba. Yunfa ya zo ya ƙara matsawa. A watan Fabrairu na 1804 aka yi hijira daga Degel zuwa Gudu. Da aka tashi yin mubaya'a, Malam Abdullahi ne ya fara miƙa hannu ga yayansa. A watan Yuni na wannan shekara shi ya jagoranci rundunar jama'a a Tabkin Kwatto, inda 'yan tsirarun mutane masu kwari da baka suka karya dawakin Gobir. Ƙarshen shekarar aka yi Tsuntsuwa, aka rasa kimanin mutum 2,000, cikinsu har da mahaddata Alƙur'ani kusan 200. A 1805 kuma shi ne a gaba aka ci Birnin Kebbi.

A nan nake so mu ɗan tsaya, don a nan ne abin da masana zamantakewar ɗan Adam suka daɗe suna lura da shi ya fara bayyana. Sun bi tarihin al'ummu daban-daban, Musulmi da waɗanda ba Musulmi ba, suka ga abu ɗaya yana ta maimaita kansa: matsi daga waje yana ɗinke jama'a, sauƙi kuma yana kwance ɗinkin. Muddin akwai wanda ake tsoro a bakin ƙofa, mutanen ɗaki 'yan'uwan juna ne. Da ya kau, sai ido ya koma kan tukunya. Abu na biyu kuma, nasara tana da kira. Jama'ar da jiya ake gudu, yau kowa yana son a gan shi cikinta, kuma mafi yawan masu shigowar ba su zauna a zauren karatun farko ba. Ga waɗanda suka san manufa suna ta raguwa a fagen fama, ga waɗanda suka san riba suna ta ƙaruwa. Mahaddata 200 ɗin nan na Tsuntsuwa ba a sayen irinsu a kasuwa.

Malam Abdullahi da idonsa ya ga wannan. A 1805 ɗin dai, a kan hanyar zuwa karon Alwasa, rundunar ta afka wa garin Kwalde wanda akwai amana tsakaninsa da jama'a, ta washe shi. Shi da Muhammadu Bello suka yi iya ƙoƙarinsu su hana, ba a saurare su ba. Aka je Alwasa aka sha mummunan kashi. Duk wanda ya karanta Sira zai tuna maharban Uhudu, su hamsin, da aka tsayar a kan tudu, yadda mafi yawansu suka sauko da suka hango ganima, da abin da ya biyo baya. In har hakan ta faru Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, yana tsakanin mutane, to wa zai ce tasa ƙungiyar ta fi ƙarfin wannan jarrabawa?

Zuwa 1807 abin ya ishe shi. Ya duba ya ga yawancin abokansa na farko sun kwanta dama. Waɗanda suka cika fagen kuwa hankalinsu na kan mulkin garuruwa, tara ƙwaraƙwarai, tufafin alfarma, dawakin sukuwa a cikin gari da kiɗe-kiɗen fada, masallaci da makaranta an bar su a baya. Shi da kansa ya ba da labarin wannan hali a littafinsa Tazyinul Waraƙat. Abin da ya fi girgiza ni shi ne bai fitar da kansa daga cikin zargin ba. Tsoro ya ji kada shi ma ruwan ya ci shi. Ana kan hanyar kai wa Alƙalawa hari, sai ya zame daga rundunar da 'yan abokan tafiya kalilan, ya fuskanci gabas, niyyarsa Makka da Madina.

Ku duba fa, shekara uku kacal da hijira. Ba jikoki ba, ba 'ya'ya ba, mutanen da suka yi yaƙin ne da kansu.

Hanya ta bi da shi Kano. A lokacin tutar jihadi ta riga ta kafu a can, kamar yadda a wajen wannan shekara ta kafu a nan Katsina a hannun Malam Ummarun Dallaje, mutumin Dallaje da ke nan maƙwabtanmu ƙasar Bindawa. Da Malam Abdullahi ya shiga Kano sai ya tarar da ainihin abin da ya gudo wa yana jiransa. Ashe ciwon ba na mutanen Gwandu ba ne, ciwon ɗan Adam ne in ya samu. Kanawa suka roƙe shi ya tsaya ya nuna masu yadda ake tafiyar da mulki bisa Shari'a. Ya tsaya. Ya karantar da tafsiri, ya rubuta masu Liya'ul Hukkam, littafin da ya bayyana yadda ake tsayar da shugaba, abin da ke wuyansa, yadda ake naɗa alƙalai da masu riƙe dukiyar jama'a, da iyakar da mai mulki ba shi da ikon tsallakewa. Daga nan ya fasa tafiya gabas, ya juya ya koma wurin yayansa.

Wannan juyowar ita ce ta hana ni barci. Ya fahimci cewa in duk masu jin zafin ɓarna suka fita, to wa aka bar wa gidan? Ya kuma fahimci cewa zafin zuciya da kyakkyawar niyya ba sa gadon kansu. Abin da ake iya bari wa na baya shi ne ilimi da ƙa'ida rubutacciya. Saboda haka sauran rayuwarsa, ko yana kan doki ko yana kan buzu, alƙalami bai bar hannunsa ba. Ya rubuta Liya'ut Ta'awili, babban tafsirinsa da har gobe ake karantawa a zaurukanmu da watan azumi. Ya rubuta Kifayatu Lu'afa'is Sudan, gajeren tafsiri don masu ƙaramin ƙarfi a karatu. Ya rubuta Bahrul Muhiɗ a nahawu, da Hisnur Rasin a sarfu, da littattafai da dama a kan mulki da shari'a.

A watan Oktoba na 1808 Alƙalawa ta faɗi, aka kashe Yunfa. Wajen 1812 Shehu ya raba kula da ƙasa biyu: gabas ga ɗansa Muhammadu Bello, yamma ga Malam Abdullahi, wanda ya zauna a Boɗinga. Ko a wannan lokaci bai yi shiru ba. Ya tsananta a kan sunayen sarauta irin na da, da kaɗa tambura, da sa tufafin alfarma ga shugabanni, yana tsoron kada a kori sarakuna a koma a zama su. Shehu ya ga akwai sauƙi a wasu daga cikin waɗannan mas'aloli, ya amsa a rubuce, ya ja hankalin almajirai kada su tsananta a inda malamai suka yi saɓani. Wa da ƙane, malami da almajirinsa, sun saɓa a takarda, amma ba wanda ya buɗe masallacinsa daban. Mu kuwa sunan da za a sa a saman allo ya raba mu.

Sai babbar jarrabawa ta zo. A watan Afrilu na 1817 Shehu ya rasu a Sakkwato. Malam Abdullahi shi ne ƙanensa, shi ne wazirinsa, shi ya fara yi masa mubaya'a, shi ya ja runduna a Tabkin Kwatto, kuma ba a ja da iliminsa. Ya taso daga Boɗinga, ya iso ya tarar an rufe ƙofar gari, an riga an yi wa Muhammadu Bello mubaya'a. Ya juya, ya tafi Gwandu. Ba zan ɓoye muku ba, abin ya yi masa ciwo, aka kuma ɗauki 'yan shekaru akwai sanyi tsakaninsa da ɗan ɗan'uwansa. Malami ne, amma mutum ne.

Wannan mataki ma masana sun san shi. Wani Bajamushe, Max Weber, wanda ya rasu a 1920, ya nazarci tafiyoyin da suka taru a kan mutum ɗaya mai baiwa da kwarjini, ya nuna cewa ranar da ta fi kowace haɗari gare su ita ce ranar da jagoran ya rasu. Baiwa ba a raba ta a gado. Dole biyayyar da ake yi wa mutumin ta koma ko dai ga jininsa, ko ga wani tsari na muƙamai, kuma a wurin wannan sauyi ne tafiyoyi da yawa suke tsagewa. Wani kuma, Robert Michels, a 1911 ya nazarci jam'iyyar ma'aikata ta Jamus, wadda kullum wa'azinta daidaito ne, ya ga ita ma da ta girma sai al'amuranta suka tattaru a hannun 'yan kaɗan masu kare kujerunsu. Tun kafin su duka, Ibnu Haldun, wanda aka haifa a Tunis a 1332 ya rasu a Alƙahira a 1406, ya shimfiɗa wannan a Muƙaddima. A wurinsa, abin da ke kafa daula shi ne ƙarfin haɗin kai, wanda ya kira asabiyya, kuma wahala ce ke ƙera shi. Na farko su gina da gumi, na biyu su ga ginin su ji labarin gumin, na uku su tashi cikin inuwa su ɗauka haka Allah Ya halicce su. Ya ƙiyasta cewa yawanci zango uku ne, kimanin shekara 120.

Shekarar rasuwar Shehu ba ta ƙare ba sai da tawaye ya ɓarke. Abdussalami, wanda yana cikin almajiran farko, ya yi bore a Kware, aka murƙushe shi. Ragowar mutanensa suka taru a Kalambaina ta kusa da Gwandu, suka zame wa Malam Abdullahi ƙarfen ƙafa. Da Bello mai riƙo ne, da sai ya naɗe hannu ya ce baffa ya ji da kansa. Bai yi haka ba, ya hau ya kawo gudummawa, aka ci garin. Masu tarihi sun ruwaito cewa da suka haɗu bayan yaƙin, Bello ya yunƙura zai sauka daga kan doki don girmama baffansa, sai Malam Abdullahi ya yi masa nuni da ya zauna, shi ya sunkuya ya gaishe shi da gaisuwar Sarkin Musulmi. An kuma ruwaito ya miƙa alkyabbarsa ga Giɗaɗo ɗan Laima, alamar ya sallama masa wazirci.

'Yan'uwa, tsoho ne fa ya sunkuya wa ɗan da aka haifa a gabansa. Mutumin da ya yi shekaru yana faɗakar da wasu a kan son mulki, da aka zo kansa, ya ɗanɗana ɗacin, ya haɗiye. Ganin ciwon a jikin wani ba wuya, kowa likita ne. Gane shi a jikinka shi ne aiki. Da ya ƙi, yana da mabiya, yana da hujjoji, yana da rabin ƙasa a hannu, da daular ta rabe tun ba ta yi ƙwari ba.

Bayan Kalambaina ya bar yawancin harkokin mulki a hannun ɗansa Muhammadu da Buhari ɗan Shehu, ya koma kan karantarwa da rubutu. Ya rasu a Gwandu wajen 1829, a can kabarinsa yake. Allah Ya jiƙansa da rahama.

Shin ya hana abin da ya ji tsoro faruwa? Bai hana ba, kuma gaskiya ita ce ba mai iya hanawa gaba ɗaya. Mulki ya koma gado a gidajen masu tuta, har da nasa gidan. A 1893 yaƙin basasa ya ɓarke a Kano tsakanin Tukurawa da Yusufawa, jikokin mutum ɗaya, Sarki Ibrahim Dabo, a kan gadon sarauta. A 1903, shekara 99 bayan hijirar Gudu, Turawa suka shiga Sakkwato. A nan Katsina gidan Dallaje ya riƙe sarauta daga 1807 har 1906, lokacin da Turawa suka naɗa Muhammadu Dikko. Ba na cewa lissafin Ibnu Haldun ne ya kawo Nasara da bindigoginsu, wannan wani babi ne. Amma bango sai ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Abin lura shi ne, dawakin da aka yi ta tarawa babu ko ɗaya yau, amma Liya'ut Ta'awili yana nan a buɗe gaban almajirai.

To mu fa? Ba daula muke riƙe da ita ba. Kwamitin masallaci ne, makarantar Islamiyya ce, ƙungiyar matasan unguwa ce, asusun marayu ne, ƙungiyar manoma ce da ake jiran a raba mata taki. Amma ciwon ɗaya ne, a Kankiya yake, a Kusada yake, a Ingawa yake. Abin da na tsinta daga rayuwar wannan bawan Allah shi ne, ranar da ya kamata a fi jin tsoro ba ranar babu ba ce, ranar samu ce. Ku rubuta ƙa'idar kuɗi tun asusun yana fanko, lokacin da kowa ke iya faɗin gaskiya ba a zarge shi da kwaɗayi ba. Ku yanke yadda za a canja shugaba tun shugaban yana da rai, kuna kuma son junanku. Wanda ya shigo bayan gini ya tashi, kada a raina shi, a zaunar da shi a karantar da shi abin da ya sa aka fara. In ka ga ɓarna, ka faɗa, ka rubuta, amma ka yi tunani sau bakwai kafin ka bar wa ɓarnar gidan. In kuma aka tsallake ka aka ba wanda kake ganin ka fi, to ranar ce za a san ko wa'azin da ka daɗe kana yi ya shiga kunnenka.

Ni dai na auna kaina, na ga na yi rabin tafiyar Malam Abdullahi ne kawai. Na iya fita, ban iya juyowa ba. Na kai Kano, ban koma Gwandu ba. Kuma da na bincika zuciyata da kyau, ba amanar kuɗin ce kaɗai ta fitar da ni ba. Akwai zafin cewa ba sunana aka sa a sama ba. Shekara da shekaru ina kiran wannan kishin addini.

Jiya bayan Isha'i na nemi lambar mutumin nan na Gidan Mutum Ɗaya, na kira shi. Mun daɗe shiru a waya kafin magana ta fito. In Allah Ya kai mu Juma'a, a ƙauyen zan yi salla, kuma ni zan fara zuwa ƙofarsa. Ban san ko makarantun za su koma ɗaya ba, wannan yana hannun Allah. Ina roƙonku addu'a. Wanda kuma yake da tasa Kalambainar, ya san inda take.

Allah Ya gafarta wa Malam Abdullahi da Shehu da Bello da sauran magabatanmu. Allah Ya tsare mu daga sharrin kawunanmu a lokacin rashi, Ya fi tsare mu a lokacin samu.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.